Matar Bayan Shinge

Wollongong, Maris 1979

'Yata Eliana,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kina ci kina ƙoshi duk da abincin asibitinku ba gishiri. Mu nan sai godiyar Allah. Ciwon bayan babanki ya yi sauƙi, ya koma aikin safe a masana'antar ƙarfe. Ƙanwarki Paulina ta ƙara tsawo, ta ƙara rashin kunya. Auta Marcela haƙorinta na gaba ya fita. Ni kuwa gwiwar nan ce dai, kin san halinta.

Mun tare a sabon gidan. Shi ne na ƙarshe a layin, can gindin dutse. Akwai bishiyar lemun tsami a baya, da igiyar shanya, da shingen katako. Babanki sai zagaya shi yake yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana.

Amma 'yata, tun da kika tafi na zama bebiya. Ranar Asabar na je wurin mahauci neman ƙashin miya, na yi ta nuna masa gwiwata, ya naɗo mini wutsiyar sa. Na karɓa na ce na gode. Wayar da babanki ya sa aka jawo mana kuwa, in ta yi ƙara ina ni kaɗai, tsayawa nake ina kallonta har ta gaji.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na yi maƙwabciya. Wata tsohuwar Baturiya ce, siririya, da kwat ruwan ƙasa. Da yamma in na fita kwashe shanya, yara ba su dawo daga makaranta ba, sai in tarar da ita tsaye a bayan shinge. Kullum magana ɗaya take yi mini, tana nuna gidan. Zan rubuta miki yadda kunnena ya ji: "yu lib hiya". Na maimaita wa Paulina, ta yi dariya har da riƙe ciki, wai wannan ba Turancin kowa ba ne. Ke ce kika saba da kunnena. Ki faɗa mini abin da take cewa da abin da zan mayar mata, kada baiwar Allah ta ɗauka girman kai ne.

Ki riƙa rufe kanki in za ki shiga rana.

Mamarki,
Herminia

*

Broken Hill, Afrilu 1979

Mama,

Na gaishe ki da kyau, na gai da Baba da 'yan rigimar nan biyu. Ina lafiya. Ƙafafuna ne kawai ke kumbura saboda tsayuwa, an ce duk mai koyon aikin jinya haka take farawa. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Maganar maƙwabciyarki ba wani abu ba ne. Tambayarki take, "A nan kuke zaune?" Haka tsofaffinsu ke buɗe hira. Ki yi murmushi ki ce "yes". Shi ke nan. In kin gasa burodi ki miƙa mata ɗaya, za ki ga har sunan karenta sai ta gaya miki.

Na yi dariya ni kaɗai da na karanta wasiƙarki. Tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa tsakaninmu, amma aikin tafintan nan ya biyo ni cikin ambulan ɗin wasiƙa. Kin tuna ina 'yar shekara tara, malamata ta kira ki don ina surutu a aji, ni ce kuma na tsaya tsakaninku ina kai ƙarar kaina? Ni ce wurin likitan haƙori, ni ce wurin mai gidan haya, ni ce ranar da aka zo gaya wa Baba an rage musu aiki. Ba ƙorafi nake ba, Mama. Amma a nan wani lokaci sai in wuni ban faɗi maganar kowa ba sai tawa, har in rasa me zan ce.

Paulina ta kai sha huɗu. Tana jin Sifaniyanci sarai, lalaci ne kawai. Ki matsa mata. Ki ce in ji ni, in ba ta fara raka ki wurin mahauci ba, sai na zo na tsinka mata kunne.

'Yarki,
Eliana

*

Wollongong, Mayu 1979

'Yata,

Allah ya sa kina lafiya yadda muke. Sanyi ya shigo, ruwa kuma ya sauko ba ƙaƙƙautawa. Marcela ta yi mura ta warke. Babanki ƙalau.

Na yi yadda kika ce. Ta zo, ta faɗi maganarta, na yi murmushi na ce "yes". Eliana, da kin ga fuskar matar nan. Ta dube ni kamar na mare ta. Ta kama shingen da hannu biyu tana girgiza kai, ta sake faɗa, ta sake faɗa. Ni kuma ina ta "yes, yes", tunda shi kaɗai kika ba ni.

Washegari na kai mata burodi da zafinsa. Ba ta miƙo hannu ba, sai na ɗora a kan gungumen shingen. Yana nan har yau. Fararen tsuntsayen nan masu ihu, waɗanda ko soson wanki ba sa bari, ba wanda ya sauka a kansa.

Yanzu ta ƙara wata magana: "da hil is wokin". In ta faɗa sai ta waiga bayanta.

Na so in rama ziyara, sai na lura ban san gidanta ba. Bayan shingenmu ba gida, sai gangare da sarƙaƙiya, da wata tsohuwar matakalar dutse da ta hau sama ta ƙare a cikin ciyawa. Ƙila ta wata hanya take zagayowa. Takalmanta kullum caɓe da jar laka har idon sawu, haka suke tun ma kafin a fara ruwa. Ga shi ba ta da lema, amma ban taɓa ganin kwat ɗinta ya jiƙe ba.

Gidan ma yana ba mu ɗan ciwon kai. Ƙofar kicin ta daina rufuwa, babanki ya fere ta, bayan kwana kaɗan ta sake ƙi. Bangon wajen murhu ya tsage. Bishiyar lemun ta karkato wajen gida kamar mai son jin gulma. Babanki ya ce haka sabon wuri yake, sai ya zauna da gindinsa.

Paulina ta raka ni wurin mahauci sau ɗaya, ta tsaya a ƙofa tana cin cingam. Ki amsa mini da wuri. Matar nan tana ba ni tausayi, kuma in ta tafi sai in ji tsakar gidan ya yi shiru fiye da kima.

Mamarki

*

Wollongong, Yuni 1979

Yaya Eliana,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, in ban da abin da zan gaya miki. Da Turanci na rubuto don ko Mama ta gani ba za ta gane ba.

Wai me ya hana ki amsa mata? Kullum sai ta fita cikin ruwa ta duba akwatin wasiƙu. In fushi kike don ban raka ta kasuwa ba, ki yi da ni, ita me ta yi miki?

Ranar Talata ban je makaranta ba, cikina na ciwo. Da yamma ina kwance na ji Mama tana magana a baya. Na leƙa ta taga. Yaya, tana tsaye a bakin shinge cikin ruwa, tana gyaɗa kai tana murmushi tana cewa "yes". Ba kowa a gabanta. Na rantse miki ba kowa. Na buga gilashin, ta juyo ta yafito ni, wai in zo in gai da baƙuwa. Ban fita ba. Na ja bargo na rufe har kaina.

Da ta shiga wanka na lallaɓa na je wurin. Ta bayan shingen ciyawar ta kwanta daidai tsayuwar mutum ɗaya, ga jar laka a wurin. Babu sawun zuwa, babu na komawa.

Na gaya wa Baba. Ya ce kaɗaici ne ke damunta, in kin zo hutu a kai ta wurin likita, tunda ke ce za ki iya yi masa bayani. Na ce ni ma ai ina da baki. Ya ce, "Bakin cin cingam ba."

Na tambayi mai kantin kan kwana ko akwai masu zama a saman gangarenmu. Ya ce da can akwai gidaje, tun yana yaro. Na ce ina suka koma? Sai ya hau goge kanta, ya ce in gai da mamana.

Tsagewar bangon kicin yanzu hannuna yana shiga. Ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa a tsakar gida. In gidan ya yi shiru ana jin wani ƙas-ƙas a ƙarƙashin daɓe, kamar ana taka busasshen ganye. Don Allah ki rubuto. Ni tsoro nake ji.

Paulina

*

Broken Hill, Yuni 1979

Mama,

Allah ya sa wannan takarda ta iske ku a wani gida ba wannan ba. Ina lafiya. An tura mu wani ƙauye can cikin daji, mun yi makonni, yau na dawo na tarar da wasiƙarki da ta Paulina a ajiye.

Da na ga sabuwar maganar matar nan, na fara ɗauka cewa take Baba yana wurin aiki. Sai na karanta a fili, da muryarki, yadda kike jan kalma. Nan na gane. Ba aiki ta ce ba. Cewa ta yi, "Dutsen yana tafiya."

Na koma kan ta farkon. Mama, a Turanci akwai kalmomi biyu da kunnen mai Sifaniyanci ke ji kamar ɗaya. Ɗaya zama, ɗaya tashi. Ba tambayarki take ko a nan kuke zaune ba. Cewa take, "Ku bar nan." Wata uku tana cewa ku tashi, kina ce mata to, tana dawowa tana tarar da ku.

Na ruga wurin wayar da ke barandar ɗakunanmu. Na kira, na kira, na san kina tsaye kina kallonta. Ina ta cewa a raina, Mama ɗauka, yau kaɗai. Can da yamma aka ɗauka. Na ce, "Mama, ni ce!" Shiru. Sai ƙarar ruwa, da wani abu daga nesa kamar tifa na juye tsakuwa. Sai muryar tsohuwa, da Turanci irin na mutanen da, a hankali, ta ce, "Ke ce mai yi mata tafinta?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Na gaji da faɗa mata. Ke ki faɗa mata."

Layin ya mutu. Na sake kira, ko ƙara ba ta yi.

Na je tasha, an ce ruwa ya yanke hanyar jirgi, ba ranar da za a buɗe. Na buga muku talgiram da Turanci, don kada ma'aikacin ya dagula Sifaniyancin. Paulina za ta karanta muku. Ban san wace ce matar nan ba, kuma yanzu ba na son in sani. Bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, wannan kam ba sai wani ya fassara mini ba. Ku tafi gidan Don Abelardo, abokin Baba. Kada ki tsaya naɗe labule.

Eliana

*

Wollongong, Yuli 1979

Yaya,

Muna raye, dukkanmu, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan don na san ba za ki iya karanta gaisuwa ba. Muna gidan Don Abelardo da matarsa Inna Clotilde, a saman bene, kusa da teku. An ce kin yi ta kiran cocinmu kina tambaya, Fada ya gaya miki mun fita. Ga yadda aka yi.

Na dawo daga makaranta na tarar da Mama zaune da talgiram ɗinki a cinya, ba ta buɗe ba. Ta ɗauka mutuwa kika yi. Baba ya shigo a jiƙe, ya ce, "Karanta mana, 'yar boko. Me yayarki ta ce?"

Yaya, ban san haka abin yake ba. Su biyu suka zuba wa bakina ido. Na karanta, na gane, amma kalmomin suka gudu. Ban san yadda ake cewa zaftarewar ƙasa da Sifaniyanci ba. Sai na ce, "Ta ce dutsen zai zo ya zauna a kanmu. Ta ce mu fita yau. Ta ce abin da matar ke faɗa ke nan tun farko."

Baba ya yi tsaki. Ya ce, "Shekara nawa ina narkewa a bakin wuta kafin in samu gidan nan? Sai in bar shi saboda wata tsohuwa da ba wanda ya taɓa gani?"

Na ce, "Baba, zo ka ga." Na ja shi kicin, na zura hannuna cikin bangon har kafaɗa, na yafito shi da yatsuna ta waje. Ya ce gobe zai sayo siminti.

Mama ta miƙe. Ta sa wa Marcela rigar ruwa, ta sauke hoton Budurwa Maryamu daga bango, ta ɗauki tukunyar romon da ke kan wuta da tsumma, ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Eleodoro, ran da ka shigo mana a Chile ka ce mu tashi mu gudu, ban tambaye ka dalili ba. Na bar uwata a tsaye a ƙofar gida. Yau ni ce na ce mu tashi."

Ban taɓa jin ta kira sunansa a gabanmu ba. Sai ya ɗauki makullin mota.

Da muna fita na waiga. Ban ga kowa ba. Amma Mama ta sauke gilashi ta ɗaga hannu wajen shingen.

Washegari da hantsi Baba da Don Abelardo suka koma ɗauko kaya, na bi su. Muna shiga layin muka ji ƙarar, kamar jirgin ƙasa a cikin ƙasa. Don Abelardo ya taka birki. Yaya, na ga bishiyar lemun tana tahowa a tsaye, da 'ya'yanta a jiki, ta shiga kicin ɗinmu. Sai gangaren duka ya biyo ta. Rufin ya durƙusa. Ɗakin da ni da Marcela muke kwana yanzu ba a ma gane inda yake.

Baba ya fito daga mota ya zauna daɓas a kan kwalta cikin ruwa. Da 'yan kwana-kwana suka zo suna tambaya ko akwai mutum a ciki, ya buɗe baki Turancinsa ya ƙi fitowa. Ni na amsa musu. Tun ranar ni ce a ko'ina: wurin 'yan sanda, wurin masu ba da gida, wurin likita. Kaina kamar zai fashe. Ke tun kina shekara tara kike wannan? Me ya sa ba ki taɓa dukana ba?

Mai kantin ya kawo mana barguna. Ya ce da can ma dutsen ya taɓa zaftarowa kan gidajen saman gangaren, a irin wannan ruwan. An bi gida-gida ana cewa a fita, kowa ya fita, sai mace ɗaya da ta ce ba inda za ta. Bai faɗi sunanta ba, ni ma ban tambaya ba.

Ƙanwarki,
Paulina

*

Wollongong, Oktoba 1979

'Yata Eliana,

Gaisuwa da sa albarka. Na ji kin ci jarrabawarki, Allah ya ƙara miki. Babanki ya rame amma ya fara cin abinci. Yara lafiya. Gwiwata ta daina ciwo gaba ɗaya, abin mamaki. Sai dai hannuna na hagu da ke yin nauyi, da wata gajiya da ke saukar mini da yamma. Kada ki tayar da hankalinki, Paulina ta kai ni wurin likita, ta yi bayani tsaf, har ta yi masa gardama. Kin bar magajiya.

An ba mu wani gida a cikin gari, a shimfiɗaɗɗen wuri, ba dutse ko ɗaya a kusa. Babu tsakar gida, a baranda nake shanya.

Ta zo, Eliana. Ranar Alhamis da yamma ina kwashe kaya na hango ta tsaye a ƙasan matakala. Takalmanta fes, ba laka. Na sauka na ce mata na gode, da harshenmu, don ban ga amfanin wahalar da kaina ba. Ta amsa. Kuma na ji. Na ji duk abin da ta ce, tas, kamar yadda nake jin uwata. Ban san ko ita ce ta koyi namu ko ni ce na koyi nata ba. Da na zauna ina tunani daga baya, ban ma tuna bakinta ya motsa ba.

Tun daga ranar kullum muna hira. Ita ma ashe daga wata ƙasar aka kawo ta tana amarya, ta ƙetaro teku, ba ta sake ganin nata ba. Ta san abin da ake ji. Shekara takwas ina ƙasar nan, sai yanzu na yi ƙawar da nake magana da ita ba kowa a tsakaninmu. Ban gaya wa babanki ba. Ke ma kada ki gaya wa Paulina, yarinyar ta ga abin da ya ishe ta.

Jiya ta yi mini tambaya. Ta ce akwai wata hanya da take bi da yamma, ba hawa ba gangara, ko zan raka ta? Ta miƙo hannu. Ban ji tsoro ba, 'yata, gaskiya nake gaya miki. Har na ajiye kwandon.

Sai na ce mata ta yi haƙuri. Na ce ni a ƙasar nan ban taɓa amsa wa kowa wata babbar magana ba sai babbar 'yata tana tsaye a gefena, kuma 'yata sai Kirsimeti za ta zo. Ta yi murmushi, ta ce ba komai, za ta jira, ta iya jira.

Don haka ki zauna ki yi karatunki a tsanake. Na san kin ce za ki nemi hutu ki zo da wuri ki ga sabon gidan. Kada ki nema. In ma sun ce suna bukatarki a asibiti ranar Kirsimeti, ki tsaya ki taimaka musu, ba zan yi fushi ba. Marcela ba ta iya kitse gashinta ba tukuna, ina so in koya mata.

Kada ki yi gaggawar zuwa.

Mamarki,
Herminia